Shin zama da magana na iya hana mutum kashe kansa?

Hajiya Mairo (mai kula da zaure): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya a zaren ciwon damuwa Dakta Binta ta ce akwai magani na zama da tattaunawa, wanda aka gwada aka ga yana rage yawan masu sake yunƙurin kashe kansu. Tun daga lokacin tambayoyi ke shigo mini ta bayan fage, shi ya sa na buɗe masa zarensa daban. Sharaɗi biyu: kada kowa ya bayyana hanyar da wani ya bi ya cutar da kansa, kada kuma a saka hoto ko sunan mamaci. Duk wanda ya saɓa zan goge. Wanda kuma yake karanta wannan alhali shi abin yake damu yanzu, don Allah kada ya jira muhawara ta ƙare, ya faɗa wa wani na kusa da shi yau, a raka shi asibiti. Dakta, bismillah.

Dakta Binta: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da ladan zumunci. A asibiti CBT muke ce masa, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, na Jami'ar Pennsylvania, shi ya kafa shi a shekarun 1960. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100. Abin da ya lura da shi a wurin marasa lafiyarsa shi ne, tsakanin abin da ya sami mutum da abin da yake ji a ransa akwai wata magana da zuciya ke raɗa masa cikin sauri, shi kuma ya karɓe ta a matsayin gaskiya bai bincika ba. A ce an sallami mutum biyu daga aiki rana ɗaya. Na farko zuciyarsa ta ce masa, "an shiga matsi, sai an tashi tsaye." Na biyu ta ce masa, "ka zama kaya a wuyan iyalinka, ba ranar da za ka sake miƙewa, da ba ka nan da sun huta." Masifar ɗaya ce, amma na biyun ne nake jin tsoron darensa.

Beck da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya shekara da shekaru, suka ga yanke ƙauna ya fi tsananin baƙin ciki nuna wanda ke cikin haɗari. Mutum na iya zama cikin damuwa mai nauyi amma yana hangen za a wayi gari. Wanda ya daina hangen nan shi ne abin ji.

Da can likitoci sun ɗauka in aka magance ciwon damuwa, tunanin mutuwa zai tafi da kansa. Sau da yawa ba ya tafiya. Shi ya sa aka ware wani nau'i na CBT da ke tunkarar tunanin kashe kai kai tsaye, zama goma zuwa goma sha biyu.

Malam Sani Zariya: Dakta, Allah ya ƙara sani. Amma ni abin da na ji a bayaninki nasiha ce. Mu ma mutum na zuwa mana bayan Isha'i ya ce duniya ta ishe shi, mu zaunar da shi, mu karanta masa "la taƙnaɗu min rahmatillah", mu tuna masa Allah ya ce kada ku kashe kawunanku, lalle Allah mai jinƙai ne gare ku. To mene ne sabo a nan da har sai an je asibiti an yanki kati?

Dakta Binta: Allah ya gafarta Malam, tambayar da ta dace ke nan, bari in faɗi abin da ake yi a ɗakin. A nasiha mai ilimi ne ke magana, mai damuwa na sauraro. A nan zaman farko kusan duka shi ke magana. Ina ce masa ya ba ni labarin ranar da abin ya kai maƙura, daga farko har ƙarshe, ba na katse shi, ba na yi masa faɗa. Wa ya kira shi? Me aka ce masa? Da ya ajiye waya me ya fara faɗo masa a rai? Me ya ji a jikinsa? Ina ya nufa, ya kulle ƙofa ne, ya sha wani abu? Sai mu jera abin a takarda ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu cewa suke "kawai sai na tsinci kaina", amma in an jera sai ka ga akwai matakai bakwai ko takwas, kuma a kowane mataki akwai inda za a iya karkatar da tafiyar. Na kowa daban ne. Wani nasa na farawa da kwana uku ba barci, wata da gorin dangin miji, wani da saƙon mai bin bashi.

Kafin ya bar ɗakin ranar farko sai mun rubuta takardar tsira, da kalmominsa, ba nawa ba. Wasu masana 'yan Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, su ne suka tsara ta. A ciki akwai alamomin da ke nuna masa guguwar ta taso, da abin da zai yi shi kaɗai ya rage zafin, kamar alwala, fita waje, ko karatun wata sura da ke sanyaya masa rai. Sai wuraren da zai je ya zauna cikin mutane ko bai faɗi komai ba, majalisa ko shagon aboki. Sai mutanen da zai buɗe wa cikinsa, da suna da lamba. Sai asibitin da zai nufa. Na ƙarshe shi ne nisanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi a gida.

Zaman tsakiya su ne na horo. Mukan ɗauki magana kamar "na zama kaya a wuyansu" mu tambaye ta hujja. Wa ya faɗa maka? Me 'yarka ta yi da ka dawo gida jiya? In amininka ne a wannan halin, haka za ka ce masa? Mukan rarraba matsala ƙanana-ƙanana, a gyara barci, a koma ga ayyukan da ya yi watsi da su, ya haɗa wata jaka ko fayil a wayarsa na abubuwan da ke tuna masa dalilin rayuwa. Kowane mako da aikin gida. A ƙarshe ina sa shi ya rufe ido ya koma wancan daren a tunaninsa, wannan karon yana amfani da abin da ya koya, sannan mu ƙirƙiro wata masifa da ka iya zuwa gaba, ya nuna mini yadda zai yi. In bai iya ba ba a sallame shi, a ƙara zama.

Malam Sani Zariya: To na ga bambancin. Mu muna ba shi gaskiya, ku kuna koya masa yadda zai riƙe ta a lokacin da hankali ya gushe. Wannan ba ni da ja a kansa.

Yusuf (ɗalibin kiwon lafiyar al'umma): Ni kuwa ina da ja, Malam. Anti Dakta, bayani mai daɗi ba hujja ba ne. Ina alƙaluma?

Dakta Binta: Ga su, ƙanena. A 2005 Brown da Beck suka fitar da sakamakon gwaji a mujallar likitoci ta JAMA. Manya 120 ne a Philadelphia, dukkansu ba su daɗe da yin yunƙuri ba. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka sami zama goma a kan kulawar da aka saba, rabi kulawar da aka saba kaɗai. Bayan wata 18, kusan kashi 24 cikin 100 na masu zaman ne suka sake yunƙuri, ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 42. A 2015 David Rudd da Craig Bryan suka gwada zama 12 a kan sojoji 152 a barikin Fort Carson da ke Colorado. Cikin shekara biyu, kusan kashi 14 a ɓangaren masu zaman, kusan kashi 40 a ɗayan. Ita takardar tsira ma an gwada ta da kanta, haɗe da kiran waya na bibiya, a sassan agajin gaggawa na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, mutum 1,640. Sakamakon ya fito a 2018, an sami ragin yunƙurin kashe kai da makamantansa da kusan kashi 45 cikin wata shida.

Yusuf: Na gode. Yanzu ga damuwata. Mutum 120 da mutum 152 ba su da yawa. Abin da aka ƙirga kuma yunƙuri ne, ba mutuwa ba, domin mutuwar ba ta da yawan da ƙaramin gwaji zai iya aunawa. Su kansu masu tattara bincike na Cochrane da suka duba gwaje-gwajen sun ce akwai alamar amfani, amma ƙarfin hujjar bai kai yadda ake so ba. Sannan duk a Amurka ne. Soja mai albashi a Colorado da bazawara mai 'ya'ya biyar a ƙauyen Rano ba halinsu ɗaya ba. Ina tsoron mu ɗora wa mutane fatan da ba za mu iya cikawa ba.

Dakta Binta: Duk abin da ka faɗa haka yake, ban cire ko ɗaya ba. Zan ƙara maka abu biyu. A Denmark an bi bayanan mutum sama da 5,600 da suka sami irin wannan zaman tattaunawa bayan sun cutar da kansu, aka gwada su da makamantansu da ba su samu ba, aka ga har mutuwar ma ta ragu a tsawon shekaru. An buga shi a 2015. Ba ƙuri'a aka yi ba, don haka za ka iya cewa masu zuwa zaman dama sun fi son warkewa, kuma ba zan musa maka ba. Na biyu, yunƙurin baya yana cikin manyan alamomin haɗarin gaba. Duk abin da ya rage maimaitawa ya taɓa wurin da ya fi ciwo. Ban ce maka ana warkar da kowa ba. A gwajin Philadelphia ɗin nan, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya sake duk da zaman, kuma wannan adadin na hana ni sakin jiki da kowane mara lafiya.

Sista Hadiza: Yusuf, bari in faɗa maka abin da ake yi yanzu, sai ka auna da shi. A kawo mutum da daddare, mu yi ta fama har Allah ya ceci ransa. Gari na wayewa dangi su taru, wannan na kuka, wannan na zagi, kawu na cewa ya ja musu abin kunya. Kafin azahar sun sa hannu sun tafi da shi, a kati an rubuta "kuskure ne". Ba wanda ya tambaye shi me ya kai shi, ba ranar dawowa. Alhali makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. To ko minti talatin aka ba ni in zauna da shi mu rubuta takardar nan, in kira shi bayan kwana biyu, wallahi ya fi abin da muke yi nesa ba kusa ba.

Barista Auwal: Sista, wannan "kuskure ne" da ake rubutawa yana da tushe a doka. Sashe na 231 na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu sashe na 327 na Criminal Code ne. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, kuma ita Ingila ta soke nata tun 1961. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge waɗancan sassan ba. Ta yaya mutum zai ba Dakta labarin darensa daga farko har ƙarshe yana tunanin ɗan sanda?

'Yar Nima (Accra): Barista, mu nan Gana majalisa ta cire shi daga jerin laifuka a 2023. Amma gaskiya a zango har yanzu ɓoyewa ake yi. Tsoron bakin mutane ya fi tsoron kotu, musamman in yarinya ce da ba ta yi aure ba.

Baban Khalifa: Ni fa ban yarda da wannan tone-tonen ba. Mutum na zaune lafiya ka je ka tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, ai kai ka saka masa. Kuma mai cewa zai yi ba ya yi, neman a kula shi yake. Mu da muka taso ba mu san wannan ba, raunin imani ne da kallon waya.

Sista Hadiza: Baban Khalifa, ka yi haƙuri, wannan maganar ta ci rayuka. An bincika sau da yawa, tambaya ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an ba shi ƙofa. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu sun faɗa wa wani kafin nan, kai tsaye ko a kaikaice: "ku yafe mini", "ku riƙe mini yaran nan amana", "na kusa hutawa". Aka ce wasa suke.

Malam Sani Zariya: Baban Khalifa, maganar raunin imani ni zan amsa ta. Haramcin kashe kai ba mai jayayya a kansa. Amma a Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kama Nana Maryam a gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Ubangiji bai tsawata mata ba. Aka kira ta aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabinon, ki ci ki sha ki kwantar da hankali. Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari. Su waɗannan za ka ce musu masu raunin imani? Kuma a Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail bin Amr, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi abin da ya zama ajalinsa, Manzon Allah (SAW) ya roƙa masa gafara. Ina faɗar wannan saboda iyalan da aka bari, waɗanda wasu ke ce musu ɗansu ɗan wuta ne tun kafin a kai shi makwanci. Hukunci na Allah ne. Annabi ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah.

Sannan Dakta, bayaninki ya tuna mini da Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya. Ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ne ya fito da wannan aikin ga mutanen zamani. Takardar tsirar nan taku ai ita ce.

Baban Khalifa: Malam, na karɓi ayoyin. Amma har yanzu ina ganin ruƙiyya da addu'a sun isa ga mai tawakkali.

Malam Sani Zariya: Ka yi ruƙiyyar, ka kai shi asibitin. Ni kaina haka nake yi da masu zuwa wurina.

Saƙo ta hannun Hajiya Mairo (mai shi ya nemi a sakaya sunansa): Ni magidanci ne, shekaruna sun haura arba'in. Kasuwa ta karye mini, kuɗin mutane suka maƙale a hannuna. Ba na fashin jam'i ko a lokacin, don haka maganar imani tana yi mini ciwo. Abin da ba a gane ba shi ne a wannan halin kai ba ka ganin mugun abu za ka yi, gani kake taimakon iyalinka za ka yi. Allah ya sa na rayu. Matar da ta zauna da ni a asibiti ta tambaye ni wa ya ce mini iyalina za su huta. Na ce ba kowa. Ta ce in je in tambayi matata abin da ta fi tsoro a duniya, in dawo mata da amsa. Na tambaya. Ba talauci ta ce ba. Bashin bai tafi ba, har yau ina biya. Tunanin ma yakan leƙo, musamman in na kwana biyu ban yi barci ba. Amma yanzu na san kamanninsa tun daga nesa, na san wanda zan kira, kuma na san in na daure zuwa asuba yakan sauka. Takardata tana cikin aljihun 'yar shara.

Hajiya Mairo: Allah ya ƙara maka lafiya ɗan'uwa, ya warware maka bashin nan ta inda ba ka zato.

Dakta Binta: Amin. Abin da ya faɗa na "yakan sauka" shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Matsanancin halin ba ya daɗewa. A wani bincike da aka yi a Ostiriya, kusan rabin waɗanda suka tsira sun ce tsakanin tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Ma'ana in aka raba mutum da abin cutarwa na wannan ɗan lokacin, galibi an ba shi shekaru.

Alhaji Garba mai maganin feshi, Funtuwa: Dakta, wannan ya shafe ni kai tsaye. Kayan da nake sayarwa kowane gidan manomi akwai su, a ƙarƙashin gado ma wasu ke ajiyewa.

Yusuf: Alhaji, a nan kam hujjar tana da ƙarfi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta kashe kai duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar magungunan gona ne. Sri Lanka ta haramta mafi haɗarinsu, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai lalace ba. A Najeriya NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani nau'in a 2019. Shi ya sa nake cewa in kuɗi kaɗan ne, a fara da wannan kafin a horar da masu zama goma sha biyu.

Dakta Binta: Ba kishiyoyi ba ne, Yusuf, mataki na shida na takardar ke nan. Doka na rufe ƙofa ga gari duka, ni kuma ina zama da mutum ɗaya in tambaye shi wa zai riƙe masa makullin sito na wata uku. Alhaji, abin da za ka iya: ka riƙa ce wa masu saye su kulle a sito, kada a kai ɗakin kwana, kada a juye a robar lemo, su sayi daidai na feshin da za su yi. In wani ya zo ba lokacin feshi ba, ba ka san shi da gona ba, fuskarsa ba daidai ba, kana da ikon ka ce babu, ka ja shi da hira.

Alhaji Garba: In sha Allahu. Zan faɗa wa yaran shago ma.

Ɗan Damagaram: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ita ce wa zai yi mana wannan aikin? Mu nan Nijar likitan ƙwaƙwalwa sai ka yi tafiya mai nisa, yawanci Yamai. Kuma takarda kuke ta faɗa, alhali mahaifiyata ko sunanta ba ta karantawa da boko.

Sista Hadiza: Mu ma ba mu tsira ba, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Akwai asibitin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da Shika. Amma ko a can, samun mai zama da kai awa guda duk mako sai an dace.

Dakta Binta: Ɗan Damagaram, maganar rubutu mai sauƙi ce. Ana yi da ajami, ana yi da zane, ana ɗaukar murya a waya mutum ya saurari kansa yana gaya wa kansa abin da zai yi. Na taɓa yi da wata dattijuwa da yatsun hannunta, kowane yatsa mataki ɗaya. Maganar ma'aikata ita ce mai wuya. A Zimbabwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida na warware matsala. Gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 ne ke da alamun ciwon damuwa a ɓangaren bencin, ɗayan kuwa kusan rabi. A Pakistan ma'aikatan lafiya mata na ƙauye sun yi makamancin haka da masu juna biyu a yankin Rawalpindi. Ga kuma shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, na horar da ma'aikatan lafiya da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba su kula da masu irin waɗannan matsaloli, wanda Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya yi aiki sosai wajen daidaita shi da Najeriya.

Amma in yi gargaɗi. Waɗancan na ciwon damuwa ne. Wanda ya riga ya tsara, ko ya yi yunƙuri, ko yake jin muryoyi, ko ya haɗa da shaye-shayen tiramol da kodin, wannan ba na benci ba ne, likita zai gani. Wasu kuma sai an haɗa musu da maganin sha da likita zai rubuta. Ungozoma da malamin Islamiyya da ma'aikacin shan-magani za su iya koyon tambaya ba tare da tsoro ba, rubuta takardar tsira, da bibiya. Ita bibiyar kada a raina ta. Wani likita a San Francisco, Jerome Motto, gajerun wasiƙu kawai ya riƙa aika wa waɗanda aka sallama suka ƙi dawowa magani, yana tambayar lafiyarsu, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu a shekaru biyun farko.

Yusuf: A kan wannan mun haɗu. Abin da nake so in gani shi ne a gwada shi a nan, da Hausa, a ƙirga, kada mu yi ta aron alƙaluman wasu.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri na katse ku. Dakta, ƙanena ne. Tun da aka fasa aurensa ya daina fita, ba ya cin abinci sosai. Shekaranjiya ya ba ɗana agogonsa da takalmansa, yau kuma ya turo mini saƙo wai in yafe masa duk abin da ya yi mini. Na sa shi ya rantse da Alƙur'ani ba zai yi komai ba. Hakan ya isa? Ba na so Baba ya ji, hawan jini gare shi.

Dakta Binta: Maman Ilham, bai isa ba. Rantsuwa da alkawari an ga ba sa karewa, sai dai su sa ya daina gaya miki gaskiya don kada ya zama mai saɓa rantsuwa. Rabon kaya da neman yafiya alamu ne masu nauyi, yau za a yi abin da za a yi. Ki je wurinsa yanzu, ko ki tura wanda ya fi ki kusa. Ki tambaye shi a fili: "kana tunanin kashe kanka?" Ki faɗi kalmar, kada ki kewaya. In ya ce e, kada ki yi salati da ihu, kada ki yi wa'azi, ki ce kin ji, kina tare da shi, ki bar shi ya yi magana. Kada a bar shi shi kaɗai daren nan, wani namiji ya kwana a ɗakin. A kwashe magunguna da duk wani abin cutarwa daga inda yake. Sannan ku kai shi sashen gaggawa ko asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, yau ɗin nan in da hali. In abu ya taso kafin ku isa, ku kira 112 ko ku nufi asibiti mafi kusa. Baba ba dole ya ji yanzu ba, amma wannan ba sirrin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne. Wa kike da shi?

Maman Ilham: Yayanmu yana Hotoro. Na kira shi, ya ce ga shi nan da mota. Ni ma na sa hijabi.

Malam Sani Zariya: Allah ya tsare shi, ya ba shi lafiya. 'Yata, in kun isa kada kowa ya ambaci wuta ko abin kunya a gabansa.

Sista Hadiza: Ki zuba duk magungunan da kika samu a ɗakinsa a leda ki tafi da su, likita zai so ya gani. Ki gaya musu maganar agogon da saƙon yadda kika gaya mana, ko da shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Kuma kada ku baro asibitin sai an rubuta muku ranar dawowa, cikin mako guda, da sunan wanda za ku gani.